Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Mai Jakar Ciki Zai Canja Jaka Ya Yi Wanka Cikin Natsuwa

(Jawabin da aka gabatar a ɓangaren kiwon lafiya na babban taron shekara)



GABATARWA

Da kwamitin shirye-shirye ya ɗora mini nauyin yin magana a kan kiwon lafiya, sai na zaɓi wani batu da ba a saba kawo shi gaban manya ba, wato halin da mutumin da aka yi wa tiyata aka fito masa da bakin hanji ta gefen ciki yake shiga a duk lokacin da zai canja jakarsa ko zai yi wanka. Ina neman gafarar iyaye idan wata kalma ta yi wa kunne nauyi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sau da yawa abin da kunya ta hana a faɗa a zaure shi ne yake cin mutum a ɗaka.

Wannan magana ta shafe ku mazauna birni fiye da kowa. Manyan asibitocin da ake irin wannan aiki a birane suke, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da takwarorinsu na Maiduguri da Jos. Idan aka sallami ɗan uwa, a gidan ɗaya daga cikinku yake sauka kafin ya koma gida, kuma a banɗakinku zai fara canja jaka shi kaɗai, ba nas a kusa. Waɗannan makonni na farko su ne masu wuya. A cikinsu ne wani yake daina wanka, wani ya daina cin abinci don kada wani abu ya fita, wani kuwa ya bar jaka tana yoyo har fatar cikinsa ta saɓule. Dukkan waɗannan abubuwa uku tsoro ne ke kawo su, tsoron kuwa rashin sani ne ya haife shi.

MECE CE ƘOFAR HANJI?

Likitoci suna kiranta sitoma, ni kuwa zan riƙa kiranta ƙofar hanji. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6, babban hanji kuwa wajen mita ɗaya da rabi. Idan wani sashe ya lalace, ko aka ɗinke shi ana so ya huta, sai likita ya huda fatar ciki ya fito da bakin hanji ya ɗinke shi a nan, bayan gida ya riƙa fita ta wurin zuwa cikin jakar da aka manna. A ƙasarmu abubuwan da suka fi jawo haka sun haɗa da zazzaɓin taifod idan ya huda hanji, da murɗewar hanji, da ciwon daji, da raunin harbi ko na haɗarin mota, da jariran da ake haifa ba su da dubura ko kuma hanjinsu ba ya tura bayan gida. Da yawa daga cikin waɗannan ƙofofi na wucin gadi ne, bayan wasu watanni akan mayar da hanjin a rufe. Wasu kuwa na har abada ne.

Iri uku ne, kuma wajibi ne mai jinya ya san wadda ɗan uwansa yake da ita, domin halinsu ya bambanta. Ta farko kolostomi, wadda aka fito da ita daga babban hanji, galibi a gefen hagu. Abin da take fitarwa yana da kauri, kusan kamar yadda aka saba, kuma takan yi sa'o'i tana shiru. Ta biyu iliyostomi, daga ƙaramin hanji, galibi a gefen dama. A kullum ƙaramin hanji yana miƙa wa babban hanji ruwa da ya kai lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi kuma ya tsotse mafi yawansa. Tunda abinci ba ya kaiwa babban hanji a wurin mai iliyostomi, abin da ke fita yakan kasance tsakanin koko da kunu mai kauri, yana zuwa a kai a kai, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci waɗanda suke ƙona fata. Saboda haka ne wani likitan Ingila mai suna Bryan Brooke ya fito da dabarar naɗe bakin hanjin a shekarar 1952, ya zama ya ɗan turo waje kamar bakin buta, don abin da ke fita ya zuba cikin jaka ba tare da ya kwanta a kan fata ba. Ta uku yurostomi, ta fitsari, wadda akan yi wa wanda aka cire wa mafitsara. Ita ɗiga take yi dare da rana.

Abu biyu ya kamata kowa ya riƙe game da ƙofar hanji. Na ɗaya, ja ce, mai danshi, kamar cikin baki, kuma ba ta jin zafi idan an taɓa ta. Ɗan jinin da ake gani a tsumma idan an goge ta ba abin tashin hankali ba ne, kamar dasashi ne idan an yi asuwaki. Na biyu, kuma shi ne tushen wannan jawabi, ba ta da tsokar da ke matsewa kamar ta dubura. Mai ita ba ya jin zuwan bayan gida, ba kuma shi da ikon tsare shi. Don haka duk wanda ya yi wa marar lafiya faɗa a kan ya ɓata zani ko ya ɓata banɗaki, ya zalunce shi, domin ya tuhume shi a kan abin da ba ya hannunsa.

SANIN LOKACINTA

Ko da yake ƙofar hanji ba ta karɓar umurni, tana da lokutan aiki da na hutu, kuma wanda ya san waɗannan lokuta ya gama rabin aikin. Allah ya halicci hanji da wata ɗabi'a: da zarar abinci ko abin sha ya sauka a tumbi, sai hanji ya motsa ya fara tura abin da ke gabansa. Shi ya sa mafi munin lokacin cire jaka shi ne bayan an ci abinci ko an sha shayi. Mafi kyawun lokaci ga yawancin mutane shi ne da sassafe, bayan an tashi daga barci, kafin a sa komai a baki. Idan hakan bai samu ba, a bari a ƙalla awa 2 su wuce bayan cin abinci. Mai ƙofar fitsari shi ma da asuba ya fi, tunda ya kwana bai sha ruwa ba, ɗigar takan ragu.

Amma jiki ya bambanta, don haka ina ba da shawarar abin da muka saba da shi a makaranta, wato jadawali. A sayi ɗan littafin rubutu, a tsaga shafi gida uku: lokacin da aka ci abinci, abin da aka ci, da lokacin da jaka ta cika. Yaron gida ɗan firamare ma zai iya riƙe wannan rajista idan marar lafiya ba ya rubutu. Kafin mako biyu za a ga lokacin da ƙofar take yin shiru ya fito fili, sai a mayar da shi lokacin wanka da canji. A tuna cewa a makonnin farko bayan tiyata hanji bai daidaita ba tukuna, sai an yi haƙuri.

Haka kuma a bambanta juye jaka da canja jaka. Jakar da ke da baki a ƙasa juye ta ake yi idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, ko rabi idan ta yi yawa, domin nauyi yana ɓamɓare gam. Mai iliyostomi zai iya juyewa sau 6 zuwa 8 a wuni da dare. Canja faifan da ke manne da fata kuwa yawanci bayan kwana 3 zuwa 5 ne, a lokacin bazara da gumi ya yi yawa yakan gaza haka. Idan aka ji ƙaiƙayi ko zafi a ƙarƙashin faifan, ko aka ga alamar yoyo, a canja nan take ko da jiya aka sa shi. Kada a yi masa faci da filasta, domin abin da ya shiga ƙarƙashi zai ci gaba da cin fata.

ABINCI DA ABIN SHA

Abin da aka ci da daddare shi ne zai fito da safe, don haka jajiberin canji a ci abincin dare da wuri, kuma a zaɓi mai sa kauri: farar shinkafa ko tuwonta, taliya, burodi, dankali ko doya da aka dafa suka yi laushi, da ayaba. A wannan daren a rage yaji, da lemon kwalba, da zoɓo ko kunun zaƙi mai yawan sukari, da miyar ganye mai yawa, domin suna tsinka ciki. Wake da kabeji da albasa suna tara iska, jaka ta kumbura.

Mai iliyostomi yana da wani haɗari na daban. Abinci mai ƙaiƙayi ko zare wanda ba ya narkewa yana iya toshe ƙofar: gyaɗa, aya, kwakwa, gasasshiyar masara, gugguru, mangwaro mai zare, ɓawon tumatir da na wake. A makonnin farko a guje su, daga baya a gwada kaɗan-kaɗan, ana taunawa sosai.

Babban kuskuren da ake yi shi ne zama da yunwa don a tsayar da ƙofar. Jinkirta karin kumallo na rabin awa har a gama wanka dabara ce mai kyau. Wuni da yunwa kuwa ba ya tsayar da komai, sai ma ya ƙara iska da tsinkakken ruwa, ga shi jikin da aka yanka yana bukatar abinci kafin ya warke. Haka nan ƙin shan ruwa. Mai iliyostomi da ya daidaita yakan fitar da abin da bai kai lita ɗaya ba a awa 24. Idan ya wuce lita ɗaya da rabi, wato cikin ledar fiya wata uku, to ruwa da gishirin jikinsa suna tsiyayewa, kuma ƙoda ce za ta fara jin jiki. A irin wannan hali zallar ruwa ba ya mayar da abin da aka rasa, wani lokaci ma ƙara gudun yake yi. A jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na kemis a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa kurɓa, idan babu a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, sa'an nan a nemi likita. Akwai maganin rage gudun hanji da likita kan rubuta a sha kafin cin abinci, amma shi ne zai faɗi adadinsa. Maganin wankin ciki kuwa, na kemis ko na gargajiya, mai iliyostomi ya nisance shi.

SHIRI KAFIN A CIRE JAKA

Tunda ba a san minti nawa ƙofar za ta bayar ba, ƙa'ida ita ce kada a taɓa tsohuwar jaka sai sabuwa ta gama shiri. A jera kaya a kan tire ko kujera 'yar tsugunno inda hannu zai kai: sabuwar jaka, almakashi, ruwan ɗumi a roba, tishu ko yankakkun tsummoki masu laushi da aka wanke, busasshen tawul ƙarami, baƙar leda ta zuba shara, da madubi ga wanda ba ya hango ƙofarsa. Idan jakar mai baki ce a ƙasa, a rufe bakin tun yanzu. Mutane da yawa sun manna jaka daidai, suka miƙe, sai abin ya bi ta ƙasa.

Huda faifan shi ne aikin da ke bukatar natsuwa, don haka a gama shi tun kafin a cire tsohuwar. Ramin ya fi ƙofar faɗi da milimita 2 zuwa 3 kawai. Idan ya yi faɗi, fata za ta zauna cikin ƙazanta. Idan ya matse, zai yanki ƙofar ba tare da mai ita ya ji ba. Bayan tiyata ƙofar a kumbure take, kuma tana raguwa har tsawon mako 6 zuwa 8, saboda haka a wannan tsakani a riƙa sake aunawa a kowane canji. Idan girmanta ya tsaya, sai a ajiye takardar da aka ɓare daga bayan faifai ta zama ma'auni.

MATAKAN CANJI

Na farko, a wanke hannu, a juye tsohuwar jaka a masai. A masai na zamani a fara jefa tishu a kan ruwan don kada ya fantsamo.

Na biyu, a ɗage riga a ɗaure ta ko a maƙale ta, sa'an nan a soke bakin leda a zariyar wando ko a ƙugun zani, ta buɗe a ƙarƙashin ƙofar. Wannan 'yar dabara ita ce ke kwantar da hankali, domin duk abin da ya fito cikinta zai faɗa. Wanda ba ya iya tsayuwa ya zauna a kujera kusa da masai da roba a kan cinya.

Na uku, a ɓare faifan a hankali daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya yana danna fata, ɗayan yana janye faifan. Kada a fizge. A duba bayan faifan da aka cire, domin shi ne zai nuna ta inda yoyo yake shiga.

Na huɗu, a ɗora naɗaɗɗen tishu ko bandeji a bakin ƙofar a riƙe da yatsa, ya riƙa tsotse abin da ke fita. Ga mai ƙofar fitsari a naɗe shi kamar lagwani, a riƙa sauyawa. A ɗora shi ne a kai kawai. Kada a cusa auduga, ko yatsa, ko wani abu a cikin ƙofar da nufin toshe ta.

Na biyar, a wanke fatar da ke kewaye da ruwan ɗumi zalla. Ruwan da ya isa a sha ya isa a yi wannan aiki da shi. Ba a sa Dettol, ko sifirit, ko turare. A bushe fatar ta hanyar dannawa da tawul, a yi mata fifita idan akwai gumi, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata. Gashin wurin a rage shi da almakashi.

Na shida, a ɗan miƙe ciki don fata ta baje, a janye tishun, a manna faifan daga ƙasa zuwa sama, a bi gefen ƙofar da yatsa ana dannawa. Sa'an nan a kifa tafin hannu a kai na minti ɗaya, domin ɗumin hannu yana sa gam ya kama. A naɗe tsohuwar jaka a leda a ƙulle a kai shara. Ba a jefa ta a masai na ruwa.

To, idan ana tsakiyar aiki ƙofar ta fara fitarwa fa? A tsaya. A sunkuya kaɗan kan leda ko roba, a bar ta ta gama, domin yawanci zuwa take yi ta tsaya. Gaggawar manna faifai a kan fatar da ta ɓaci asarar jaka ce, domin ba za ta kwana ba. A sake gogewa, a sake busarwa, a ci gaba. Wannan yana faruwa ga wanda ya shekara goma da jaka, ba gazawa ba ce. Mai jinya kuma ya kula da fuskarsa, domin marar lafiya fuskar mai taimakonsa yake kallo. Yatsina fuska sau ɗaya yana iya sa dattijo ya ƙi yarda a sake taimakonsa.

WANKA

Da zarar likita ya ce ɗinki ya warke, wanka ya halatta kowace rana. Ruwa ba ya shiga ciki ta ƙofar hanji, domin hanji waje yake turawa, kuma kumfar sabulu ba ta cutar da ita. Ana yin wanka da jaka, ana kuma yi ba jaka.

Wanka da jaka shi ne na kullum. A juye ta tukuna. Faifan an yi shi ne ya jure ruwa, sai dai kada a dirje gefensa da soso, kada kuma a yi wanka da ruwa mai zafi sosai. Idan jakar tana da 'yar kafar fitar iska a sama, a rufe ta da ɗan lasgam ɗin da ke zuwa cikin kwalin, a cire bayan wanka. A ƙarshe a tsane jakar da gefen faifan da tawul, domin jiƙaƙƙiyar jaka da ta kwanta a kan fata tana kawo ƙuraje. Sabon faifai a ba shi kamar awa ɗaya ya kama kafin ruwa ya taɓa shi.

Wanka ba jaka kuwa ya fi dacewa da ranar canji, kuma yana da amfani, domin fatar tana samun iska, ragowar gam ya fita. A shirya sabuwar jaka a ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Mai shawa ya rage ƙarfin ruwan, kada ya saita shi a kan ƙofar. Mai wanka da bokiti, kamar yawancinmu, ya ajiye bokitin a gefe a kan wani abu mai tudu, ya riƙa ɗiba da kofi, ya kuma ajiye wata roba ta musamman a gabansa. Idan wani abu ya fito, a tare shi da robar a kai masai, a kora wurin da ruwa da sabulu ko bilic. A gidan haya da ake tarayya a banɗaki ɗaya, wannan robar ita ce za ta hana rigima da maƙwabta. Wanda ke son ƙarin kwanciyar hankali ya yi dukkan wankansa da tsohuwar jaka, sai a ƙarshe ya cire ta ya ɗauraye wurin, ya zama minti biyu ko uku kawai ƙofar take a buɗe.

A kula da sabulu da mai. Sabulu mai maiƙo yana barin santsi da ke hana gam kamawa, don haka a ɗauraye wurin sosai. Mun saba shafa basilin ko man kaɗe bayan wanka, musamman da hunturu. A shafa ko'ina, amma a bar faɗin tafin hannu kewaye da ƙofar. Mafi kyau a manna jaka tukuna, sa'an nan a taɓa mai.

Wasu masu kolostomi ta ƙarshen babban hanji akan koya musu zuba ruwan ɗumi ta ƙofar da wata na'ura, hanjin ya fitar da komai lokaci ɗaya, su sami kwana ɗaya ko biyu cikin shiru. Wannan sai da izinin likita da koyarwar nas, kuma ba a yi wa mai iliyostomi.

YARA, DA LOKACIN DA BABU JAKA

Jariri a canja masa kafin ya sha nono, kuma a kasance mutum biyu, ɗaya yana riƙe da shi yana rarrashi, domin kuka yana matsa ciki. Za a iya yi masa wanka a baho ba jaka, idan ruwan ya ɓaci a sauya.

Jakar da ake mannawa a yar ba tsohon abu ba ne. Wata nas 'yar ƙasar Denmak, Elise Sorensen, ita ce ta ƙirƙiro ta a shekarar 1954 saboda 'yar uwarta da aka yi wa irin wannan tiyata ta daina fita cikin mutane. Har yau daga waje ake shigo da mafi yawansu, suna da tsada, kuma ba kowane kemis ake samu ba. Iyaye da yawa tsumma ko nafkin suke ɗaura wa yara. A wannan hali hukuncin mai ya juye: tunda babu gam, sai a shafa man zinki na ƙurajen nafkin ko basilin da kauri a kewaye don ya tsare fata, a ɗora tsumma mai laushi, a sauya shi da zarar ya ɓaci, a wanke a shanya a rana. Toka, da garin magani, da hodar kwalliya ba su da wuri a nan.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

A koma asibiti ba tare da jinkiri ba idan ƙofar ta sauya launi ta yi duhu, ko baƙi, ko fari fat. Idan jini yana fitowa daga cikinta ko ya ƙi tsayawa. Idan mai iliyostomi ya yi awa 4 zuwa 6 babu abin da ya fita, ga murɗar ciki da kumburi ko amai. Idan hanjin ya zazzago ya yi tsawo ko ya nutse ciki. Idan fatar kewaye ta zama gyambo. Ko kuma idan aka ga bushewar baki, da jiri, da ƙarancin fitsari, da faɗawar ido, musamman ga yaro. Amma fitar majina ta dubura lokaci-lokaci ga wanda ba a cire masa ƙarshen hanji ba abu ne da aka saba gani.

IBADA

Tambayar da ta fi damun dattawanmu ita ce ta tsarki. Malamai sun sanya mai wannan lalura cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari: yana salla da jakarsa, ba a ce ya bar salla ba. Abin da ya dace shi ne ya juye jakar ya tsabtace bakinta kafin alwala, ya kuma tambayi malaminsa filla-filla. Wankan ibada yana yiwuwa ta hanyoyin da na bayyana. Azumi kuwa, musamman ga mai iliyostomi a watannin zafi, a ji ta bakin likita tukuna.

KAMMALAWA

'Yan uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da nake roƙon kowane mai masauki ya yi. Kafin a baro asibiti, mutum biyu daga cikin iyali su tsaya nas ta koya musu canji, su yi da hannunsu a gabanta. A rubuta irin ƙofar, da faɗinta, da lambar jakar, don wanda zai saya a Kano ko Kaduna ko Legas kada ya sayo wadda ba ta dace ba. Kada a bari jaka ta ƙare kafin a nemi wata, kuma a ajiye su a inuwa, domin zafi yana lalata gam. A bar wa marar lafiya banɗaki da asuba ba mai buga masa ƙofa. A rufa masa asiri, shi ne zai zaɓi wanda zai gaya wa. Rassanmu kuma su duba yiwuwar sanya kuɗin jaka cikin taimakon da suke yi wa marasa lafiya, domin kuɗin tiyata sau ɗaya ake biya, na jaka kuwa kowane wata ne.

Mai jakar ciki yana noma, yana kasuwa, yana koyarwa, yana zaman aure, mace tana haihuwa. Abin da yake bukata shi ne ya san lokacin ƙofarsa, ya shirya kayansa, ya tsare fatarsa, ya kuma sami 'yan uwan da ba sa ƙyamarsa. Ina fata duk wanda ya ji wannan jawabi zai kai shi gidan da ake bukatarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.